Darasi na 14: Turken Gwajin Ƙaramin Jirgin Ƙasa

Kai wa mai gyaran keke na bakin titin Nima kekenka, ka ce masa ƙafar baya tana rawa. Ba zai hau ya nufi Kanda don ya tabbatar ba. Kifa keken zai yi, sirdi a ƙasa ƙafafu a sama, ya murza feda da hannu, ya tsuguna ya kafa wa ƙafar ido tana juyawa. Can sai ya sa yatsa ya tsayar da ita, ya ce, "Ga wurin nan." Mai gyaran babur ma haka yake yi: ya ɗaga babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya tayar, ya sa giya, ya karkata kunne yana sauraron sarƙa. Dukansu biyu sun san abin da ke gudu ba ya dubuwa, sai an yi dabarar da zai yi gudunsa a wuri ɗaya.

Abin da za mu ƙera a wannan darasi shi ne zai yi wa ƙaramin kan jirgin ƙasa irin wannan aiki. A ɗora shi, a ba shi wuta, ƙafafunsa su yi ta juyawa kamar yana kan diga, alhali ko taku ɗaya bai yi ba. A ajinmu mun raɗa masa suna turke. Sunan ba baƙo ba ne a wannan yanki, tunda Malam Amadu Futa, wanda ya kafa Nima a farkon shekarun 1930, da shanu yake harka, kuma neman wurin ajiye su ne ya kawo shi filin. Dabbar da ke turke tana zagayenta, mai ita yana zaune yana lura da ƙafar da take ɗingisawa.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Maamobi da jirgin wasa. Da gaskiyarsa, ba wasan da ya yaɗu a unguwanninmu ba ne. Sai dai kayan gwanjon da ake saukewa daga Turai da Amurka ba sa zuwa da zaɓi, kuma a gindin kwalin tsofaffin kayan wasa akan tsinci kan jirgi guda, mai nauyi a hannu, ba tarago ba diga. Wata Hajiya a ajinmu mai sayar da irin waɗannan kaya ta taɓa kwance bakin mayafinta ta ajiye mini ɗaya a kan tebur.

"Malam, dubo mini wannan. Mai saye ya ce sai ya ga yana tafiya, ni kuwa ba ni da hanyarsa. In jefar ne, in sani."

Ko da tana da digar, da'ira ɗaya ta irin wannan jirgi takan ci kusan mita guda a kowace kusurwa. A ɗakin haya na gidan yawa, inda katifa da akwati da tabarmar salla suka riga suka raba fili, ina za a shimfiɗa ta? Turke kuwa a cinya ma ana iya ɗora shi. Ban da haka, wanda ya ƙera shi ya koyi awo da milimita, ya koyi huda ƙarfe a miƙe, ya koyi raba wutar hagu da ta dama, ya koyi karanta mita. Da waɗannan huɗun ake gyaran fanka da injin markaɗe na tebur da injin keken ɗinki.

Manyan jirage ma an ɗaure su

Injiniyoyin jirgin ƙasa na gaske sun sha wannan wahala kafin mu. Kan jirgi mai tururi in yana gudu a daji, da wuya a auna kwal nawa ya ci da ƙarfi nawa ya fitar har hankali ya kwanta da awon, don yau iska, gobe ruwa, jibi hawa. A 1891, a Jami'ar Purdue da ke jihar Indiana ta Amurka, Farfesa William Goss ya shigar da kan jirgi sukutum cikin gini, ya ɗora ƙafafunsa a kan manyan gangunan ƙarfe masu juyawa, ya ɗaure shi ta baya da ma'aunin ja. Jirgi na huci yana gudu, ɗalibai na tsaye a gefensa da takarda da alƙalami. A 1904 George Churchward ya gina irin wannan a ma'aikatar jirage ta Swindon a Ingila, a 1948 kuma aka buɗe wani a garin Rugby.

Lokacin da ake harhaɗa na Swindon, jirgi bai daɗe da shiga Kumasi ba. An fara shimfiɗa diga daga Sekondi a 1898, ta isa Tarkwa a 1901, ta isa Kumasi a 1903. Layin Accra zuwa Kumasi sai a 1923 aka haɗe shi. A can Nijeriya jirgi ya isa Kano a 1911. Goron da kakanninmu ke ɗaurawa a kan jakuna su bi ta Salaga, su yi watanni kafin su hango ganuwar Kano, sai ya koma bin jirgin ƙasa zuwa bakin teku, jirgin ruwa zuwa Ikko, wani jirgin ƙasan kuma zuwa Arewa. Wanda ya ga yadda 'yan kasuwa ke baje kaya a gefen diga a Kantamanto yanzu zai yi mamakin jin cewa wannan ƙarfe ya taɓa sauya wa fatake hanya.

Gwaji a kan hanya yana da nasa haɗarin. A watan Afrilun 2024 sabon jirgin da aka kawo daga ƙasar Poland ya fita gwaji a layin Tema zuwa Mpakadan, ya ci karo da wata babbar mota da aka bari a kan diga. Direbobin da ke cikinmu kuma sun san wani ɗan'uwan turke: gangunan da ake hawa da mota a wuraren gwajin lafiyar mota na hukumar DVLA. Bambancin shi ne a can ganguna ne ke juya taya don a auna birki, a namu kuwa ƙafar jirgi ce ke juya ganguna.

Lissafin faɗin diga

Kafin a taɓa zarto sai an san faɗin digar jirgin da ke hannu, wato tazarar da ke tsakanin ƙarfen hagu da na dama, ana aunawa daga ciki zuwa ciki. Layin Tema zuwa Mpakadan, wanda aka ƙaddamar a Nuwamban 2024, faɗinsa milimita 1,435 ne, irin wanda ya fi yawa a duniya. Tsofaffin layukan Gana kuwa milimita 1,067 ne, daidai da tsohon layin Ikko zuwa Kano.

Ƙananan jiragen da suka fi shigowa hannu su ne masu alamar HO. An rage musu komai sau 87: tsawo, faɗi, ƙafa, har tagar direba. Ku ɗauki alƙalami ku raba 1,435 da 87. Za ku sami 16.5, in an cike ɗan guntun da ya rage. To, faɗin digar HO ke nan, milimita 16.5. Masu alamar OO na Ingila an rage su sau 76, amma digarsu ɗaya da HO, saboda haka turke ɗaya ya ishe su. Masu alamar N milimita 9 ne, O milimita 32, G na lambu milimita 45. Duk awon da zai biyo baya na HO ne. Mai wani girman sai ya canja lambar farko ya sake lissafi.

Kayan da za a nema

Ran aikin shi ne boris. Kowace ƙafa tana zama a kan boris biyu, kamar tukunya a tsakanin duwatsun murhu. Ƙafafu biyu da ke kan sanda ɗaya suna bukatar boris huɗu, waɗannan huɗun da abin da ke riƙe su muke kira kujera. Jirgi mai sanduna huɗu, kujeru huɗu, boris 16.

A nan ne ake shan yawo. Boris ɗin da ke cike da Abossey Okai na mota ne da babur da fankar sama, kowanne ya fi ƙafar jirginmu girma nesa ba kusa ba. Wanda muke so lambarsa 623: ramin tsakiya milimita 3, faɗin da'ira milimita 10, kauri milimita 4. A tambayi masu kayan lantarki na Zongo Lane, a kuma tambayi masu gyaran kwamfuta, don wasu ƙananan fankokin cikin kwamfuta suna ɗauke da ƙaninsa mai lamba 693, rami 3, faɗi 8, kauri 4, shi ma yana yi. Mai lamba 608, wanda ke cikin takalmin taya na yara, faɗinsa 22 ne, sai dai manyan jiragen wasa. A zaɓi mai murfin ƙarfe, wanda lambarsa ke ƙarewa da ZZ. Mai murfin baƙar roba yana da tauri, ƙaramin inji zai wahala kafin ya juya shi.

Sai alminiyam mai kusurwa, milimita 20 kowane ɓangare. Masu haɗa tagogi da ƙofofin gilashi suna tara guntayensa a bayan shago, kuma wanda ya iya gaisuwa ba ya rasawa. Sai noti mai kaurin milimita 3 da kansa da washa, ɗaya ga kowane boris, da gajerun kusoshi masu zare, kada tsawonsu ya wuce milimita 10. Sai falanki na shimfiɗa, santimita 40 a 10, da siraran katakai biyu masu tsawonsa.

Abu na ƙarshe shi ne tsakiyar kujera, kuma dole ya zama abin da wuta ba ta bi. Littattafai sukan ce katako. Ni ban yarda da katako ba a garin nan. Abin da ka auna daidai a watan Janairu ana hunturu, in damina ta kankama a Yuni sai ka tarar ya sha danshi ya kumbura, mu kuwa rabin milimita ma magana ce. Farantin roba da mata ke yanka albasa a kai, mai kaurin milimita 10, ya fi. Ana samunsa a kasuwar Nima, zarto yana cinsa, kusa tana kama shi, ruwa bai dame shi ba. A dai sayi sabo, kada a ɗauko na uwargida a jawo wa darasi baƙin jini.

Na aiki kuwa: zarton ƙarfe, magagari, injin huji da bakinsa na milimita 3, filaya, sukundireba, ƙusa mai tsini da guduma, ma'aunin ƙarfe mai nuna milimita sosai, da mita irin ta masu gyaran rediyo.

Haɗa kujera

A fara da lissafi. Muna so fuskar cikin boris na hagu da ta na dama su zama milimita 16.5 a tsakani, kamar diga. Bayan kowane boris akwai kaurinsa, 4, sai washa mai rabin milimita, sannan alminiyam. Ke nan faɗin robar tsakiya shi ne 16.5, a ƙara 4 sau biyu, a ƙara rabi sau biyu. Ya kama 25.5. A yanka ta ta ɗan fi haka, a dawo da ita da magagari sannu a hankali, ana yi ana awo. In aikin ya ƙare tazarar ta kai 17, ba laifi. In ta gaza 16.5 ko da kaɗan ne, leɓen ƙafar zai hau kan boris, jirgi ya yi ta tsalle kamar kwaɗo.

A yanka alminiyam gunta-gunta, tsawon milimita 24, biyu ga kowace kujera. A ɓangaren da zai tsaya tsaye a ja layi a tsayin milimita 17 daga ƙasa, a sa ɗigo biyu a kan layin, milimita 12 a tsakaninsu. Da wannan tazara boris biyun ba za su gogi juna ba, ƙafa kuma ba za ta nutse a tsakaninsu ba. Mai amfani da 693 sai ya rage ta zuwa 10.

Yanzu ga wurin da aiki ke gyaruwa ko ya lalace. Kada a huda na hagu daban, na dama daban. A haɗa guntayen biyu baya da baya, ƙafafunsu a kan shimfiɗa ɗaya, a matse su gam, a dasa tsinin ƙusa a kan ɗigon a buga sau ɗaya don bakin inji ya sami wurin zama, sannan a huda su tare. Ramin da ya karkace a ɗaya zai karkace a ɗayan daidai wa daida, sandar jirgi kuma ta zauna a miƙe. Wanda ya huda su ɗaya bayan ɗaya zai ga jirginsa ya kwanta gefe kamar trotro mai karyayyen sifirin. Kujerar farko in ta fito da kyau, a riƙa ɗora guntunta a kan saura ana bin raminta, kada a sake awo daga farko.

Kafin a ɗaura boris a jiƙa su cikin kananzir na ɗan lokaci, ana juya su da yatsa, har giris ɗin ciki ya narke ya fita. Dalili biyu ne. Giris yana sa su nauyin juyawa, kuma yana tare wuta, alhali ta cikin ƙwallayen boris ɗin wuta za ta bi ta hau ƙafar jirgi. In sun bushe a ɗiga musu man keken ɗinki, ɗigo ɗaya tak.

Wajen ɗaurawa, kan noti yana ciki, sai boris, sai washa, sai alminiyam, sai a ɗaure daga waje. Washar ta taɓa zoben tsakiya kaɗai. In ta yi faɗi har tana gogar murfi ko zoben waje, a rage ta da magagari. A buga boris da yatsa: in ya juya sakayau, an dace. In ya tsaya cak, an matse abin da bai kamata ba. Daga nan a ɗaure alminiyam biyun a gefen robar, ƙafafunsu na kallon waje. A tabbata saman boris ya ɗara saman alminiyam, don kada ƙarfen ya tokari cikin jirgi.

Falankin ba shi da wuya. A kafa siraran katakan nan biyu a tsawonsa, a bar kwari a tsakani daidai faɗin kujera, yadda za ta zame gaba da baya ba tare da ta juya ba. Ba a kafe kujeru, domin tazarar sanduna ta bambanta daga jirgi zuwa jirgi. Ƙafafun da inji ba ya juyawa ba sa bukatar boris, guntun katako mai tsayin kujera ya ishe su.

Wuta

Irin wannan jirgi ba shi da batir a ciki. Ƙafafun gefe ɗaya ke ɗaukar wuta, na ɗaya gefen su mayar da ita, shi ya sa maƙeransa suka raba su da 'yar roba a jikin sanda. Turkenmu ma dole hagu ya zama hagu, dama ta zama dama, kada su gamu ko'ina. A bi duk alminiyam na hagu da jar waya, na dama da baƙa, a bar wayar da ɗan sassauci don kujeru su iya matsawa. Dalmar gyaran rediyo ba ta kama alminiyam, kada a ɓata lokaci. A lanƙwasa bakin waya a matse shi a ƙarƙashin noti.

Ƙarfin wutar bai wuce bolt 12 ba, kuma mai bin hanya ɗaya ce, irin ta batir. Wutar bango a Gana bolt 230 ce. Ba ta da haɗi da wannan aiki sai ta bayan adafta, kuma a duba jikin adaftar: a ga 12V, a ga alamar miƙaƙƙen layi da ɗigo-ɗigo a ƙarƙashinsa. Mai alamar layi mai lanƙwasa kamar maciji a gefen fitar wuta ba namu ba ne. Wanda bai da na'urar rage gudu ya fara da batiran tocila, huɗu a jere sun ba da bolt 6, sun isa a ga motsi. In ana so jirgi ya yi baya sai a musanya wayoyin. Jirgin da aka kifa aka ga wani dogon ƙarfe kamar cokali a tsakiyar cikinsa, irin na kamfanin Märklin na Jamus, tsarin wutarsa daban ne, a ajiye shi gefe. Mai batir a ciki kuwa ba ya bukatar waya ko ɗaya, a ɗora a kunna.

A tsakiyar jar waya a saka ƙwan sigina na mota, mai 12V da 21W. Wannan dabarar masu gyaran wayar mota ce. Muddin komai lafiya, ƙwan ba ya kamawa, ko ya yi ɗan ja kaɗan, don jirgi ba ya jan wuta da yawa. Da zarar hagu da dama sun gamu sai ya haska, ya shanye wutar da za ta ƙona waya. Mai amfani da batirin babur kada ya kuskura ya tsallake wannan, domin batirin yana iya narkar da siririyar waya kafin a ce kwabo.

Ni wannan ƙwai ne ya rufa mini asiri, ya kuma tona. Ranar da na kawo turkena na farko aji, na ɗora jirgin Hajiya, na haɗa waya, kowa ya miƙo wuya. Jirgi ko gezau, ƙwai kuwa ya haske ajin fes. Akwai wani dattijo a bencin baya da ya yi shekaru yana gyaran wayar mota kafin ido ya fara ba shi matsala.

"Malam," ya ce, "jirgi bai tashi ba, amma fitilar tasha ta kama."

"Baba, na duba wayoyin nan sau uku."

"Ba waya ba ce. Ɗaga jirgin mu gani."

Na ɗaga, ƙwai bai mutu ba. Ya sa aka cire kujeru ɗaya bayan ɗaya, a ta uku fitila ta ɗauke. Ashe kusoshin da na ɗaure robar da su dogaye ne, na hagu da na dama sun shiga sun yi musabaha a tsakiya inda ido ba ya gani. Abin da ya sa na ce kada su wuce milimita 10 ke nan. Tun daga ranar, kowace kujera sai na sa mata mita tsakanin hagu da dama kafin ta hau falanki. Mita ta yi ƙara, kujera ta koma gyara.

Abin da ido da kunne za su nema

A ɗora jirgi, a matsa kujeru har kowace ƙafa ta zauna a tsakiyar boris ɗinta, a fara da wuta kaɗan. Kada a yi gaggawar ƙarawa. Yawancin cututtuka a tafiyar hawainiya suke bayyana, gudu yana ɓoye su.

A ɗiga wa gefen ƙafa ɗaya farin fenti ko alli, ɗigo ɗaya. Wannan ɗigo shi ne agogonku. In ana jin ƙas, ƙas, kuma ƙarar tana zuwa duk lokacin da ɗigon ya dawo wuri ɗaya, ciwon yana kan sandar: ko giyarta ta tsage, ko tsakuwa ta maƙale a haƙori. Ƙarar da ta fi juyin ƙafa sauri daga can ciki take, wajen inji. In jikin jirgi yana rangaji hagu da dama, ƙafa ce ta zauna a karkace ko sanda ta lanƙwashe. In yana tafiya yana yankewa, fitilarsa na ƙiftawa, ana ganin tartsatsi a ƙasa, datti ne a ƙafa ko a siraran tagullar da ke shafar bayanta suna ɗaukar wuta. A nan turke ya fi diga amfani: a jiƙa auduga mai tsinke da sifirit, a dafa ta a ƙafar tana juyawa, sai ka ga baƙin layi ya fito a jikin audugar. Ban da takardar goge katako, tana kankare rufin ƙafar, datti ya ƙara samun wurin zama.

Jirgin Hajiya da aka gyara kujerar ya motsa, amma da nishi, yana yi yana tsayawa. Muka kifa shi a kan tsumma, muka kwance murfin cikinsa. A jikin sanda ta biyu gashi ne da zaren darduma suka nannaɗe, suka cakuɗe da tsohon giris da ya daskare ya zama kamar ƙaro, wataƙila tun daga ɗakin wani yaro a wata ƙasar da ba mu sani ba. Wani tela a ajin ya zaro allura daga wuyan rigarsa ya yi ta tsamo su sili-sili, ya tara a kan takarda har suka yi curi kamar ƙwayar gyaɗa. Aka goge, aka ɗiga mai da bakin allurar nan a kan giya da mazaunin sanda. Da aka mayar da shi kan turke, nishin ya koma wani siririn zuu, ɗigon alli ya zama farin zobe. Hajiya ta ciro waya ta ɗauki bidiyo don mai saye.

Maganar mai: kaɗan ake sawa, kuma mara kauri. Ban da man gyaɗa, ban da man kaɗanya, ban da baƙin man mota. Kada ya taɓa fuskar ƙafa ko wurin da gawayin inji ke gogawa. Kada kuma a murɗa ƙafafun da hannu don a ga ko suna juyawa. Yawancin waɗannan jirage giyarsu irin mai zaren noti ce, daga inji kawai take karɓar juyi, in an tilasta mata daga ƙafa haƙori ne zai karye.

Mai mita ya saka ta a jere da jar waya ya auna abin da jirgi ke ja. Sababbi yawanci ba sa kai rabin amfiya, tsofaffi sukan doshi amfiya ɗaya. Lambar da ta tsaya wuri ɗaya alamar lafiya ce. In tana hawa tana sauka tare da ɗigon alli, wani abu yana cijewa. In tana ta hawa kuma jiki ya ɗau zafi har yatsa ba ya jurewa, a kashe. Jirgin da ya daɗe a ajiye ko sabo fil, a bar shi ya yi kamar rabin awa gaba, rabin awa baya, a matsakaicin gudu, don haƙoran giya su saba da juna.

Har gudunsa ana iya aunawa. A ɗauki bidiyon ɗigon da waya, a rage saurin bidiyon, a ƙirga juyi nawa yake yi a daƙiƙa. A ce faɗin ƙafar milimita 12 ne. Kewayenta 12 sau 3.14, wato 37.7. In tana juyi biyar a daƙiƙa, ta ci milimita 188.5. A ninka sau 87, ya zama mita 16.4 a daƙiƙa. A ninka da 3.6, ya ba da kusan kilomita 59 a awa. Gudun da babban jirgi zai yi ke nan in da shi ne.

Akwai abin da turke ba zai faɗa muku ba. Ba ya nuna tarago nawa jirgi zai ja, ba ya nuna ko zai sha kwana bai sauka daga diga ba. Mai sayarwa ya faɗa wa mai saye iyakar abin da ya gani: inji yana juyawa gaba da baya, ba ƙara, ba zafi.

Aikin gida

Kowa ya lissafa faɗin digar da za ta dace da tsohon jirgin Accra zuwa Nsawam, mai milimita 1,067, in an rage shi sau 87, sannan ya fitar da faɗin robar tsakiyar kujerarsa da boris mai kaurin milimita 4. A kuma zo da kujera ɗaya haɗaɗɗiya ranar darasi na gaba. Za mu sa wa kowace mita a gaban aji kafin ta hau falanki, har da tawa.